Mai Shirya Fim Ma Ɗan Kasuwa Ne

 Duk wanda ya taso daga Daurawa ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi ya hau Titin Gidan Zoo, ya san nan ne matattarar masu shirya fim a Kano. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya a 1990, sana'ar ta tsaya ne bisa ƙaramin jari. A da, akan yi fim cikin 'yan kwanaki, a kai Kasuwar Ƙofar Wambai, kuɗi su dawo a sake wani.

Cikin waɗanda suka daɗe a wannan fage akwai Alhaji Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, wanda kamfaninsa ya fito da finafinai da dama, har da Ƙilu Ta Ja Bau. Fim ɗinsa Tsintsiya, mai kira ga zaman lafiya tsakanin ƙabilu, ya ci kyauta a bikin Zuma na Abuja a 2008. A shekarar kuma aka kama shi bisa ƙarar Hukumar Tace Finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001. Ana tuhumarsa da rashin rajista da sakin fim ba tare da tacewa ba. Ya musanta, amma a watan Disamba aka yanke masa ɗaurin wata 3 da tarar Naira 300,000. A 2009 babbar kotu ta soke hukuncin, ta ce a sake shari'a, bayan ya riga ya kwana a kurkuku.

To, jama'a, a nan akwai izina ga kowa. Ya kai ɗan kasuwa, mai fim abokin sana'arka ne. Suratul Muɗaffifina da ta tsoratar da kai game da tauye mudu, shi ma ta hau kansa. Ƙarancin jari ba hujja ba ce ta sayar wa iyalan Musulmi abin da zai ɓata tarbiyya, ko ta danne haƙƙin 'yan wasa.

Kai kuma ma'aikaci, Suratun Nisa'i ta haɗa riƙon amana da yin hukunci da adalci cikin aya guda. Tsare tarbiyya wajibi ne, amma gaggawa wajen hukunci tana iya cin mutuncin Musulmi, abin da ba ya biyuwa da kuɗi. Kafin ka sa hannu a takarda, tuna za a tambaye ka.

Allah Ya sa mu ci halal, mu yi adalci, amin.