Wa Ya Buge Wa? Turancin Hatsarin Mota a Ajin Firamare

Babu malamin da ke koyarwa tsakanin Kawo da Unguwar Sarki da bai san halin da titin Ali Akilu ke shiga ba idan aka tashi daga makaranta. Yara na tsallakawa ayari-ayari, motocin Zariya da na Kano na saukowa daga gadar Kawo, Keke Napep kuma na kutsawa duk inda ta ga kafa. Muna koya musu su dubi dama da hagu, kuma hakan daidai ne. Abin da muke kira a ƙara shi ne kalmomin Turancin da mutum ke buƙata bayan abin da ake gudu ya riga ya auku.

A bakin titi da Hausa ake komai: da ita ake salati, da ita ake jajantawa, da ita ake gardamar wane ne mai laifi. Amma da zarar an ɗauko takarda, harshe ya sauya. Bayanin da ake rubutawa a ofishin 'yan sanda da Turanci ne, haka katin asibiti, haka takardar inshora. A gidaje da yawa na Hayin Banki da Badarawa da Unguwar Dosa, ɗan aji shida ko yayarsa ta ƙaramar sakandare ake miƙa wa takarda a ce, "Karanta mana." Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi tafinta ga wanda ake tuhuma idan ba ya jin Turanci, amma iyalin da aka buge wa yaro sau da yawa da ɗansu na makaranta kaɗai suke dogara.

A nan nahawu ke zama batun haƙƙi. Bahaushe ya ce "mota ta buge yaro", ko "an buge yaro". Bature yana iya sa yaron a farkon jimla alhali shi aka buge. Tsakanin "the boy hit the car" da "the boy was hit by the car" ƙananan kalmomi biyu ne kawai, "was" da "by", amma jimlar farko ta ɗora wa yaron laifi, ta biyu ta nuna shi aka cuta. Duk wanda ya taɓa duba littattafan aikin aji biyar ya san yadda yara ke tsallake waɗannan kalmomi kamar ba a rubuta su ba. A jarrabawa maki ɗaya ne za a rasa. A takardar da uba zai dangwala wa yatsa, kuɗin ɗorin karaya ne, wani lokaci ma diyyar rai. Muna ganin darasin wannan siga ya fi kama zuciya idan aka gina shi a kan titin da yaro ke bi kullum, maimakon ƙwallon da wani ya buga a cikin littafi.

Kalmomin ba su da yawa, kuma Hausa ta riga ta tanadi takwarorinsu. Taho-mu-gama shi ne "head-on collision". Wanda ya gani da idonsa "witness" ne. Wanda ya suma "unconscious", mai zubar jini "bleeding", karaya kuma "fracture". Yaron da ya riƙe waɗannan zai iya kiran 122, lambar kyauta ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, ko 112, ya faɗi wuri da adadin waɗanda suka ji rauni ba tare da in-ina ba. Zai kuma gane kalmar "emergency" a ƙofar asibiti, ya san cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai buƙatar agajin gaggawa. Haka "third party": tun Janairun 2023 mai motar gida ke biyan naira 15,000 a shekara domin wannan inshora, mutane da yawa kuwa sun ɗauke ta takardar nuna wa jami'ai a hanya, ba su san cewa wanda aka buge ne ake nufi da wannan suna ba.

Akwai wata kalma da ta cancanci a tsaya a kanta. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta fi amfani da "crash" a kan "accident", kuma tun 2001 mujallar likitoci ta BMJ da ke Ingila ta ɗauki matakin kauce wa ta biyun, domin tana sa a ji kamar babu hannun kowa. Mu ma muna da irin wannan gardama a gida. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma mun yi imani da ƙaddara, amma gudun wuce sa'a da aron hannu da saka tsohuwar taya duk aikin mutum ne, kuma kowannensu yana da suna a harsunan biyu.

Wasu abokan aiki za su ce wannan zai tsorata yara, ko kuma manhaja ta riga ta cika maƙil. Yaran Kawo sun ga abin da ya fi kalma ban tsoro. Game da manhaja kuwa, ba sabon darasi muke nema ba. Sa'ar ƙamus da ta tsara jimla suna nan a jadawali, misalai kawai za a sauya.

Muna roƙon shugabannin reshe su gabatar da wannan batu ga Sakataren Ilimi na ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa da hukumar SUBEB, a kuma nemi jami'an kiyaye haɗurra da na KASTLEA su riƙa zuwa taron safe ko da sau ɗaya a zango. Kafin nan, malaman aji biyar da shida za su iya haɗuwa su tsara jerin kalmomi talatin, Hausa a hagu, Turanci a dama, a buga a takarda guda, kowane yaro ya kai gida.