Waiwaye: Bututun Firij a Ƙarƙashin Fijo

Ina cikin shekarata ta biyu ta koyon kanikanci a wani gareji a Jos, wata Juma'a maigidana ya tafi ɗaurin aure Bauchi ya bar mini makullin akwatin kayan aiki. Da hantsi sai ga wani direba da Peugeot 504 doguwa, fijon nan da aka riƙa haɗawa a Kaduna, yana jigilar fasinja tsakanin Jos da Akwanga. Ya ce birki na nutse masa. Na shiga rami na duba, na tarar bututun da ke kai mai ƙafafun baya tsatsa ta ci shi, yana tsattsafo.

Ɓarnata ta fara ne daga sifana. Mai buɗaɗɗen baki na ɗora wa notin bututun, ita kuwa gefe biyu kaɗai take kamawa. Na murɗa, ta zame, kan notin ya mulmule, filaya ta ƙarasa shi. Muka je kasuwar Dilimi, direba ya ji kuɗin bututu ya ce ba shi da su. Sai na yi dabara, muka biya wajen mai gyaran firij ya yanko mana bututun jan ƙarfe mai laushi. Na yanke shi da zarto, na buɗa bakinsa da ƙusa da guduma, na ɗaure, na cire iska. Birki ya kama tsaf. Direba ya ce da asuba zai zo ya ɗauka.

Bayan magariba maigida ya dawo. Ya shiga rami da tocila, ya daɗe shiru. Can ya ce, "Kai, shiga ka taka birkin nan da iya ƙarfinka, kamar yaro ya gitta maka. Kada ka saki sai na ce."

Na taka. Tun ba a yi rabin minti ba na ji feda tana sulalewa ƙarƙashin ƙafata. Ya fito ya buɗe mini tafin hannunsa, ga ɗigon mai yana ƙyalli.

"Gobe motar nan cike da mutane za ta gangara Hawan Kibo. Can ma a hankali zai taka?"

"A yi haƙuri, Maigida. Cewa ya yi ba shi da kuɗi."

"Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma shi bai san rariya ka sayar masa ba."

Daren nan ban kwanta da wuri ba, ya baje mini kaya a kan buhu ɗaya bayan ɗaya. Iskar taya ba ta cika wuce bar 2 da ɗoriya ba, amma birkin gaggawa yana iya tura mai da ƙarfin da ya haura bar 100. Shi ya sa bututun birki, wanda yawanci kaurinsa milimita 4.75 ne, ake yin sa da ƙarfe mai ninki biyu, ko da gamin jan ƙarfe kashi 90 da nikel kashi 10, mai sauƙin lanƙwasa da jure tsatsa. Jan ƙarfe zalla kuwa girgizar hanya tana taurara shi har ya tsage ba sallama.

Ya nuna mini sifanar bututu mai ɗan tsagi, wadda ke rungume noti kusan ta kowane gefe. Lamba 10 da 11 aka fi buƙata. Ga abin yankan bututu mai faifai, wanda ba ya barin garin ƙarfe ciki kamar zarto. Ga na'urar buɗa baki. Bakin ma iri biyu ne: motocin Turai sun fi amfani da mai kumburi kamar kan maɓalli, na Japan da Amurka kuma mai ninki kamar mazurari. In ka haɗa wannan da mazaunin wancan, noti zai ɗauru, mai kuma zai sami hanya.

Man birki, a sayi DOT 3 ko DOT 4 yadda murfin tankinsa ya nuna, a rufaffiyar roba, domin yana zuƙar danshi, kuma mai danshi saurin tafasa gare shi a doguwar gangara. Ruwan omo a madadin man birki kuwa ko sunansa ba a ambata a garejinmu. Haka ma a ɓangaren fetur, ba kowane tiyo ke yi ba: tiyon ruwa narkewa yake yi, tiyon kafireta kuma ba ya ɗaukar ƙarfin famfon injekta, mai kai wa wajen bar 3. A karanta rubutun jikin tiyo kafin a biya.

Da safe maigida ya sayo bututu da kuɗinsa, direba ya biya shi kashi biyu. Nawa kuwa ya rataye shi a ƙusa bakin ƙofa. Duk sabon yaron da ya tambayi mene ne wannan, sai ya nuna ni da haɓa ya ce, "Tambayi yayanka."

Shekara huɗu ina ba da labarin nan da bakina. Har yau ba na miƙa wa kowa makullin motarsa sai na taka birki da iya ƙarfina na ƙirga talatin.