Raba Akwatin Zuma Ba Shi Ne Koyar Da Kiwo Ba

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya shafi abincin talakawa a ƙananan hukumomin Batsari da Safana, wato kiwon zuma da yadda ake koyar da shi ga matasanmu.

Kamar yadda kowa ya sani, sana'ar zuma ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Mun tashi mun iske iyayenmu suna saƙa amya da ciyawa, su shafe ta da kashin shanu, su turara ta, su ɗora bisa ɗorawa ko kaɗanya ko tsamiya can cikin dajin Rugu, in lokaci ya yi su je su ɗebo rabonsu. Daji shi ke yi masu rabin aikin, don ga fure, ga inuwa, ga ruwa, ga nisa da mutane. To amma tun da rashin tsaro ya yi ƙamari, musamman daga 2019, shiga dajin ya zama kasada. Wanda duk ya tuna abin da ya faru a Tsauwa da Dankar cikin watan Fabrairun 2020 ba sai an yi mashi bayani ba. Dole ta sa aka dawo da amya bakin gona da bayan gari. Tsofaffin da suka san sana'ar kuwa, wasu sun rasu, wasu sun yi hijira zuwa Katsina ko Dutsinma, yara ba su samu mai riƙa hannunsu ba.

Saboda haka na yi murna ƙwarai da ganin ana kawo shirye-shiryen koya wa matasa kiwon zuma na zamani, Allah Ya saka wa masu wannan tunani da alheri. Sai dai fa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da na gani da idona shi ne, a tara samari a ɗakin taro kwana biyu, rabin bayanin da Turanci, a miƙa wa kowa akwati da kuɗin mota, a ɗauki hoto, shi ke nan kowa ya kama gabansa. In ka bi sawu bayan wata shida, sai ka iske akwatin nan a zaure an aje tarkace ciki, ko kaza ta mai da shi wurin ƙwai. In ka tambayi yaron sai ya ce maka, "Wallahi Baba ta shiga, amma ta tashi."

To nan gizo ke saƙar. Samun zuma ta shiga akwati ba shi ne abin wahala ba, in an shafa kaki an aje a wurin da ya dace za ta shiga. Riƙe ta cikin ƙoshin lafiya shi ne sana'ar. Zumarmu ta nan ba ta da haƙuri, da ta ji yunwa ko ƙishirwa ko takura sai ta yi ƙaura gaba ɗaya. Kuma abubuwan da ke korar ta ba a koyon su a kan allo, sai a gindin amya, kowanne a lokacinsa.

Na farko ƙishirwa. Cikin watan Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, ƙudan zuma kuma da ruwa suke sanyaya gidansu don kada saƙa ta narke, 'ya'ya su mutu. Maganin bai fi kasko ɗaya na ruwa ba, a zuba tsakuwa ko karare ciki inda za su sauka kada su nutse, a aje a inuwa, a riƙa ƙarawa kullum. In ba a yi haka ba, ko dai su gudu, ko su cika bakin rijiya da famfo su hana mata da yara ɗiban ruwa, rigima ta tashi da maƙwabta.

Na biyu su cinnaka da kwarkwasa da ƙadangare. Akwatin da aka aje a ƙasa ko aka bari ciyawa ta taɓa shi, an yi wa cinnaka gada ke nan. A ɗora shi bisa ƙafafu, a sa kowace ƙafa cikin gwangwani mai baƙin mai, ko a rataye shi da waya a shafa mata giris, a share gindin wurin. Akwai kuma tsutsar da ke cin kaki, wadda wani malam-buɗe-littafi na dare ke haifarwa. Ba ta cin galabar gida mai ƙarfi, sai wanda ya yi rauni aka bar mashi tsohuwar saƙa da ba kowa a kanta. Sai a cire irin wannan saƙa, a rage faɗin ƙofa, a toshe tsagar katako.

Na uku yadda muke ɗiba. Ɗiban dare da wutar kara, a ƙone ƙudan, a kwashe saƙa duka har da mai 'ya'ya, wannan yanka kazar da ke maka ƙwai ne. Ɗan zuma na ɗaukar kusan sati uku daga ƙwai zuwa fitowa, in ka kwashe 'ya'yan wa zai yi maka aikin gaba? Amfanin akwatin zamani, irin wanda aka ƙirƙiro a ƙasar Kenya, shi ne kowace saƙa tana rataye a sandarta, ka ɗaga ka duba ka mayar. Hayaƙi kaɗan mai sanyi ya isa. A ɗebi saƙar da zuma ta rufe bakinta da kaki kawai, don ita ce ta nuna. Wadda ba a rufe ba ruwa ya yi mata yawa, ita ce ke kumfa ta yi tsami a kwalbar ɗan kasuwa, ya yi asara, gobe ya ƙi sayen taka. Sa'an nan a bar masu nasu rabon na cin lokacin da fure ya yanke.

Na huɗu, wanda ya fi ci mani tuwo a ƙwarya, shi ne feshi. Da amya na cikin daji ba ruwanta da maganin ƙwari. Yau tana bakin gonar wake da riɗi da kankana. Ƙudan zuma na tafiyar kilomita biyu zuwa uku neman fure, ke nan feshin da wani ya yi da hantsi a gonar da ba ka ma hango ta yana iya zube maka su a ƙofar akwati. Manomin nan ba mugunta ya yi ba, ba wanda ya gaya mashi ne. Da ya bari sai da yamma liƙis bayan sun koma gida, ya kauce wa lokacin da fure ya buɗe sosai, ya kuma sanar da mai amya tun ana gobe, da an tsira. Shi ma ribarsa ce, domin ƙudan nan su ke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan har kankana da riɗi su yi 'ya'ya da kyau. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan kashi uku cikin huɗu na ire-iren amfanin gonar da duniya ke ci suna buƙatar irin wannan taimako. Don haka koyarwar da ta tsaya kan mai akwati, ta bar maƙwabcinsa mai famfon feshi, rabin aiki ce.

Na san wani zai ce ai ba kuɗi, kuma malamin gona ba zai yarda ya riƙa shiga ƙauyukan bakin daji ba. Gaskiya ne, ba wanda zai ce wani ya sai da ransa. Amma ai ba sai an ɗauko malami daga Abuja ba. Ga shawarata.

A kafa wurin koyo mai akwati biyar ko shida a garuruwa irin su Batsari da Ruma da Wagini da Safana da Runka da Zakka, inda masu koyo za su haɗu sau ɗaya a wata har shekara ta zagayo, su ga rani su ga damina. A nemo sauran tsofaffin masu amya a haɗa su da malaman gona, don su suka san lokacin furen gawo da na ɗorawa da na kaɗanya, a kuma ba su ɗan abin goro. A yi bayani da Hausa, a rubuta da boko da ajami. Rigar kariya da abin hayaƙi su zama na ƙungiya, a riƙa aro, tun da ba kowa ke iya saye ba. A koya wa kafintocinmu awon akwati, musamman faɗin sanda, santimita 3.2, don in an kuskure zuma za ta yi saƙa a gicciye, akwati ya zama ba shi da maraba da amyar ciyawa. Kada a mance da mata, su za su iya tace zuma da dafa kaki, wanda yanzu zubar da shi ake yi alhali kuɗi ne.

Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin biyu da hukumar KTARDA da tsangayar aikin gona ta Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, wadda ke maƙwabtaka da mu, da su duba wannan. Haka nan iyayenmu Sarkin Ruma Hakimin Batsari da Yariman Katsina Hakimin Safana, da dagatai da masu unguwa, su sa baki a kan lokacin feshi da ƙunar daji da saran itatuwa don gawayi, domin ba fure ba zuma. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 20 ga Mayu a matsayin ranar ƙudan zuma tun 2017, ga ta kuwa daidai gaban damina, lokacin da ya fi dacewa a yi shela a kasuwanni da gidan rediyo.

Ku kuma samari, ku yi haƙuri da sana'ar, zuma ga zaƙi ga harbi. Halittar da Allah Ya sa wa sura guda sunanta cikin Alƙur'ani ba abin wulaƙantawa ba ce. Masu shiryawa kuwa, a daina ƙidaya akwatin da aka raba, a ƙidaya wanda har yanzu akwai zuma ciki bayan shekara.

Allah Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa da damina mai albarka, amin.

Naka,
Wani mai kiwon zuma,
Batsari, Jihar Katsina.