Wai Karatun Hulɗar Ƙasashe Surutu Ne?

A wani zaman shan shayi a Madinatul Bu'us, wani ɗan'uwa ya tambaye ni abin da nake karantawa. Da na ce hulɗar ƙasa da ƙasa, sai ya yi dariya, wai ashe na ƙetaro Sahara ne don in koyi surutu. Da shi da masu irin ra'ayinsa nake, kuma suna da yawa a cikinmu.

Kullum muna ratsa titin 26 ga Yuli, amma mutum nawa ne ya san dalilin da ya sa ranar ta yi nauyi a Masar? A ranar ce, a 1952, Sarki Faruk ya sauka daga gadon mulki; a ranar ce kuma, a 1956, Jamal Abdul Nasir ya mayar da mashigin Suwais mallakar ƙasa. Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka auka wa Masar. Sun fi ta makamai, amma da Amurka ta matsa wa kuɗin Ingila lamba, dole suka tattara nasu ya nasu. Butros Ghali, wanda ya koyar a Jami'ar Alƙahira, shi ma ya ɗanɗana: a 1996 ƙasashe 14 na Kwamitin Sulhu suka amince ya zarce, Amurka kaɗai ta hau kujerar na-ƙi, magana ta mutu.

To, mu dawo gida. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum. Kwana huɗu bayan haka ECOWAS ta zauna a Abuja ta ƙaƙaba takunkumi: aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki, alhali daga gare ta Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta. Janar Tchiani bai sauka ba. Wanda ya ji jiki shi ne ɗan kasuwar Jibiya da 'yar uwarsa ke aure a Maraɗi, da direban da motar albasarsa ta ruɓe tsakanin Illela da Ƙonni. A Fabrairun 2024 aka janye takunkumin, ita kuwa Nijar ta riga ta sanar da ficewa daga ƙungiyar.

Duk ɗalibin da ya yi shekara guda a wannan fanni ya san cewa takunkumi ba kasafai yake tumɓuke soja ba, talaka yake matsewa. Mu da muka san iyakar nan gida-gida, me muka rubuta a lokacin? Muka rabu biyu a Facebook, wasu na ɗaga tutar Rasha, wasu na kiran a yi yaƙi da ƙasar da kawunnanmu ke ciki.

Ba na raina fiƙihu ko likitanci, Allah ya sawwaƙe. Amma ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu: a taron karɓar sababbin ɗalibai na bana, a ware awa guda a yi musu bayanin Tsangayar Tattalin Arziki da Kimiyyar Siyasa da ke Giza, da sharuɗɗan shigarta.