Naktaye Ba Gicciye Ba Ne, Matsalar Tana Ga Alharini

Ya 'yan'uwa Musulmi, mun sha jin wasu masu wa'azi, har daga cikinmu, suna rantsuwa a bainar jama'a cewa naktaye alamar gicciye ce, wai Nasara ne suka ƙirƙiro shi domin su rataya wa Musulmi kuros a wuya. To, ina hujja? Mu da muke tambayar kowa dalili, bai dace mu gina hukunci a kan ji-ta-ji-ta ba.

Ga abin da tarihi ya tabbatar. A lokacin Yaƙin Shekara Talatin na Turai, daga 1618 zuwa 1648, sojojin haya 'yan Kuroshiya da suke yi wa Faransa yaƙi sun kasance suna ɗaura ƙyalle a wuya. Abin ya burge Faransawa, suka sa masa suna kirabat, daga sunan mutanen Kuroshiya. Fadar Sarki Luwi na 14 ta mayar da shi ado, ya ƙetara Ingila. Irin ɗinkin da muka sani yau kuwa, wani mai sana'ar a New York, Jesse Langsdorf, shi ya fito da shi a shekarun 1920. Babu coci a cikin wannan labari. Hasali ma, farin kwala ne alamar limaman Katolika, ba naktaye ba.

Abin takaici, muna ta faɗa da inuwa mun bar haramun a fili. Naktaye mai tsada, irin wanda ake saƙa yadinsa a Komo ta ƙasar Italiya, alharini ne tsantsa. Ya tabbata daga Aliyu (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya riƙe alharini da zinariya, ya bayyana haramcinsu ga mazan al'ummarsa.

Wani zai ce ai hadisin Umar (RA) a Sahihu Muslim ya yi rangwamen faɗin yatsu biyu zuwa huɗu, naktaye kuma da ƙyar ya wuce haka. Abin da muka fi natsuwa da shi, rangwamen na adon da ke jikin wata tufa ne, ba na abin da dukkansa alharini ne ba.

Saboda haka ma'aikacin banki ko lauyan da aikinsa ya tilasta masa, kada a kafirta shi. Ya juya bayan naktayen ya karanta 'yar takardar da ke liƙe. In alharini ne, ya nemi na auduga ko na roba.