A Ware Manya Da Ƙanana Kafin A Karanta Ma'aunin Kasuwa

A shekarar 1973 ne aka buɗe kasuwar CBOE a birnin Shikago na Amurka, inda ake cinikin takardun zaɓi. Ita takardar zaɓi tana bai wa mai ita damar sayen hannun jari, ko sayar da shi, a kan farashin da aka yanke kafin wa'adi ya cika, kuma galibi takarda ɗaya tana ɗauke da hannun jari 100. Mai sa ran farashi zai hau shi ke neman zaɓin saye. Mai fargabar faɗuwa kuwa sai ya nemi zaɓin sayarwa. Daga nan ne masana suka fito da ma'auni: a raba yawan zaɓin sayarwa da na saye, in adadin ya hau a ce tsoro ya shiga kasuwa.

To, amma tsoron wa? Babban kamfanin da ke riƙe da kuɗin fansho na dubban ma'aikata yakan sayi zaɓin sayarwa a kan jerin S&P 500 domin kariya, kamar yadda mai gida ke biyan inshora ba don ya hango gobara ba. Dukiyarsa tana nan cikin kasuwa, bai janye ko kwabo ba. Shi kuwa ƙaramin mai jari ya fi karkata ga zaɓin saye na kamfani ɗaya tak, mai gajeren wa'adi, yana fatan riba cikin 'yan kwanaki. Saboda haka ne CBOE ke fitar da ma'aunin gida biyu: na jerin kamfanoni, wanda sau da yawa yakan haura 1, da na ɗaiɗaikun kamfanoni, wanda galibi ke ƙasa da 1.

Abin da ya faru da GameStop a Janairun 2021 ya isa misali. Ƙananan masu jari sun yi tururuwa kan zaɓin saye, farashi ya tashi daga ƙasa da dala 20 har ya taɓa dala 483 a ranar 28 ga watan. Cikin Fabrairu ya faɗo ƙasa da dala 50, waɗanda suka shiga a makare suka tafka asara.

Yanzu da wayar hannu ta kusanto da waɗannan kasuwanni ga ma'aikaci da ɗalibi, wajibi ne masu sharhin kasuwa su daina miƙa wa jama'a jimilla ɗaya dunƙule. Duk wanda ya ambaci ma'aunin, to ya faɗi na wane gida yake nufi.