Raba bindiga ba shi ne tsaro ba, sai mai riƙe da ita ya san inda harsashinsa zai sauka

A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Jihar Katsina, wadda ta fara da matasa 1,466, domin su taimaka wa sojoji da 'yan sanda a ƙananan hukumomi irin su Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara da Faskari. Tun daga lokacin, muhawarar da ake yi a majalisun hira na birnin Katsina ba ta wuce yawan jami'ai da motoci da makamai ba. Akwai tambaya ɗaya da ba a cika yi ba, alhali rayuka sun rataya a kanta: shin duk wanda aka miƙa wa bindiga ya san inda harsashinsa zai sauka?

Harsashi ba ya tafiya a miƙe

Mutane da yawa sun ɗauka harsashi yana tafiya ne sak kamar hasken tocila. Ba haka ba ne. Daga lokacin da ya fita daga bakin bindiga, ƙasa take fara janyo shi, kamar yadda take janyo mangwaron da ya tsinke daga reshe. Masanin nan na Italiya, Galileo, ya bayyana wannan tun a shekarar 1638, inda ya nuna cewa duk abin da aka cilla yana bin lanƙwasasshiyar hanya ne har ya dawo ƙasa.

Harsashin AK-47 yana fita da gudun da ya kai kimanin mita 715 a daƙiƙa ɗaya. Idan aka riƙe bindigar a miƙe, kafin ya ci mita 100 ya yi ƙasa da kimanin santimita 10. A mita 200 ya sauka kusan rabin mita. A mita 300 kuwa saukar ta haura mita ɗaya. Dalili shi ne, idan lokacin tafiya ya ninka sau biyu, faɗuwar tana ninkawa sau huɗu, ga kuma iska tana rage wa harsashin gudu a hanya.

Shi ya sa masu ƙera bindiga suka yi dabara. Abin saiti, ko na ƙarfe ne ko madubin hangen nesa, yana zaune ne a saman bututun bindiga, kuma an tsara shi yadda bakin bindigar zai ɗan ɗaga sama kaɗan. Harsashi sai ya hau, ya ratsa layin da ido yake kallo, sannan ya gangaro ya sake haɗuwa da shi a wani nisa da aka zaɓa. Lambobin da ke jikin abin saitin AK-47, daga 1 zuwa 8, ba ado ba ne. Kowace lamba tana nufin mita ɗari.

Ma'anar wannan ita ce, saitin bindiga yana yin daidai ne a nisan da aka daidaita shi. Idan abin harin ya fi nan kusa ko nisa, harsashi zai bi ta samansa ko ta ƙasansa. Wanda ya bi ta sama kuma ba ɓacewa yake yi ba. Harsashin AK-47 yana iya tafiyar fiye da kilomita biyu kafin ya faɗi, kuma a cikin wannan tazara akwai gona, akwai rijiya, akwai makarantar allo.

Madubi ba ya maye gurbin horo

Ana yawan kiran a saya wa jami'an tsaro kayan aiki na zamani, ciki har da madubin bindiga. Kira ne mai kyau, amma madubi yana kusanto da abin da ake kallo ne kawai, ba ya gyara hanyar harsashi. Sai an je filin koyon harbi, an gwada a kan allo, an murɗa maɓallansa har wurin da ido yake kallo da wurin da harsashi yake bugawa su zo ɗaya. Kuskure kuma yana girma da nisa: kaucewar santimita 10 a mita 100 tana zama santimita 30 a mita 300.

Saitin ma ba ya dawwama. Bindigar da ta wuni tana jijjiga a bayan babur ko a cikin Hilux a hanyoyin karkara tana iya sauya saiti ba tare da mai ita ya sani ba. Canza nau'in harsashi yana sauya shi. Iskar hunturu tana tura harsashi gefe, ƙurarta tana sa ido ya kasa ƙiyasta nisa, zafin watan Afrilu kuma yana tayar da kawalwalniyar da ke sa abu ya riƙa rawa a cikin madubi. Jami'in da bai taɓa gwada makaminsa a irin waɗannan yanayi ba, yana harbi ne da fata, ba da sani ba.

Harbin iska a cikin gari

Matsalar ba ta tsaya a daji ba. A birane ana harbi sama don tarwatsa taro, ko buɗe wa babban mutum hanya, ko nuna murna a wajen biki. Masu yi suna ganin ai sama aka harba. To amma sama ba ta riƙe komai.

Wani hafsan sojan Amurka, Julian Hatcher, ya ruwaito gwaje-gwajen da suka nuna cewa harsashin bindigar soja da aka harba sama tsaye yana hawa kimanin mita 2,700, sannan ya dawo da gudun kusan mita 90 a daƙiƙa. Wannan gudu ya isa ya huda fata. Idan kuwa a karkace aka harba, kamar yadda aka fi yi, harsashin yana saukowa da ƙarfin da ya fi haka nesa ba kusa ba. Wani asibiti a birnin Los Angeles ya karɓi mutum 118 da irin waɗannan harsasai suka faɗo wa tsakanin 1985 da 1992. Mutum 38 daga cikinsu sun mutu, kuma yawancinsu a ka aka same su. Jihar Arizona ta mayar da harbin iska a cikin gari babban laifi a shekarar 2000, bayan harsashi ya faɗo ya kashe wata yarinya 'yar shekara 14 a tsakar gidansu.

Birnin Katsina ya cika ya batse. Daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, daga Ƙofar Guga zuwa Ƙofar Ɗurɓi, gidaje ne a manne da juna, rufinsu kwano, kuma da bazara jama'a a tsakar gida suke kwana. Harsashin da ya tashi daga wata unguwa a wata unguwar zai sauka.

Wani zai ce ai 'yan bindigar sarki sun daɗe suna harbi a hawan sallah a Ƙofar Soro. Gaskiya ne, amma bindigar gargajiya da aka ɗura wa albarushi don ƙara da hayaƙi daban take da bindigar yaƙi mai ɗauke da harsashi. Al'adar ba ta zama hujja ga mai saka kaki ba.

Uzurin tsada da ƙarancin lokaci

Masu kare halin da ake ciki suna da hujjoji biyu. Na farko, harsashi yana da tsada, bai kamata a ƙarar da shi a kan allo ba. Na biyu, ana buƙatar jami'ai a fagen daga, ba a filin atisaye ba, kuma 'yan bindigar daji ba su je wata makarantar harbi ba.

Duka biyun ba su tsaya da ƙafafunsu ba. Jami'in da bai amince da saitinsa ba shi ne yake zazzage harsasai barkatai, don haka rashin horon ne ya fi cin kuɗi. Shi kuma ɗan fashin daji bai damu da wanda harsashinsa ya samu ba. Jami'in tsaro ba shi da wannan damar, domin kare mutanen ƙauyen ne ya kai shi wurin. Duk ranar da harsashinsa ya kashe manomi ko yaro mai kiwo, an yi asarar rai, an kuma yi asarar amincewar mutanen da ake dogaro da su wajen samun bayanan sirri. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya kamata a yi

Dokar makamai ta 1959 ta fayyace wanda ke ba da izinin mallakar kowane rukuni na bindiga, daga Shugaban Ƙasa zuwa Sufeto Janar zuwa Kwamishinan 'Yan Sanda. Rundunar 'yan sanda kuma tana da umarninta mai lamba 237, wanda aka sabunta a 2019, game da lokacin da ya halatta a yi harbi. Abin da ya rage shi ne tabbatar da ƙwarewa.

Ma'aikatar tsaron cikin gida ta Jihar Katsina tana iya haɗa kai da Birget ta 17 ta sojoji da rundunar 'yan sanda, a tsara gwajin harbi lokaci-lokaci ga duk wanda jihar ta ɗora wa aikin tsaro. Kowace bindiga ta kasance da rajistar ranar da aka duba saitinta, wanda ya faɗi gwaji kuma a karɓi makamin har sai ya ci. A ware kuɗin atisaye a kasafi kamar yadda ake ware na motoci. Majalisar dokokin jiha ta tanadi hukunci bayyananne kan harbin iska a cikin gari, ko wane ne ya yi. Asibitoci, musamman Asibitin Koyarwa na Tarayya da Babban Asibitin Katsina, su riƙa ajiye ƙididdigar waɗanda harsashi ya samu bisa kuskure, domin a san girman matsalar.

Katsinawa sun ba da 'ya'yansu da dukiyarsu don a samu zaman lafiya. Mafi ƙarancin abin da za a saka musu da shi shi ne, duk wanda zai taɓa kunamar bindiga da sunan kare su ya san nisan abin da yake hari, ya kuma san abin da ke bayansa.